Itacen da ya kaɗe ganye bai mutu ba: mu san itatuwan ƙasar Gure

 

Darasinmu na yau wata tambaya ce ta haife shi. A cikin watan Maris mun kai ziyara wata cibiyar karatu a wani ƙauye na ƙasar Gure. A bakin hanya muka iske ɗakwara uku an sare su tun daga gindi. Da muka tambaya, sai aka ce mana samari masu sayar da itacen wuta ne suka sare, wai matattu ne, tun da ba ko ganye ɗaya a jikinsu. Muka ɗauki reshe guda, muka kankare ɓawonsa da farce. Sai ga kore shar, ga danshi. Ashe da ransu aka sare su.

Da muka shiga aji muka ba da labarin. Wani dattijo cikin ɗalibai ya ce: "Malam, tun kaka da kakanni mun san ɗakwara na kaɗe ganye da rani. Amma mene ne dalili?" Ga amsar da muka ba shi, mun faɗaɗa ta domin kowa ya amfana.

Me ya sa itace ke kaɗe ganye?

Ganye shi ne madafar itace. A cikinsa ne itace ke haɗa abincinsa da hasken rana, da iska, da ruwan da saiwa ta jawo daga ƙasa. A jikin kowane ganye akwai ƴan ƙananan ƙofofi waɗanda ido ba ya gani. Ta nan iska ke shiga, ta nan kuma ruwa ke fita kamar gumi. Itace mai ganye da yawa yana ɓatar da ruwa da yawa kowace rana.

A ƙasar Gure ruwan sama kaɗan ne, wajen milimita 300 a shekara, kuma yawancinsa daga Yuli zuwa Satumba yake sauka. Sauran watanni tara rani ne. In itace ya riƙe dukan ganyensa a wannan lokaci, ƙishirwa za ta kashe shi. Saboda haka sai ya janye abincin da ke cikin ganyen, ya adana shi a gangar jiki da saiwa, sannan ya saki ganyen ya faɗi. Kamar mai gida ne da ya ga rumbu ya yi ƙasa, ya rage awo domin a kai ga kaka. In bazara ta yi, iska ta fara ɗaukar danshi, sai mu ga itatuwa da yawa sun fara toho tun kafin ruwan farko ya sauka.

Haka abin yake a ƙasashen sanyi

Wannan hali ba a ƙasarmu kaɗai ake ganinsa ba. A Faransa da Jamus da gabashin Amurka akwai manyan dazuzzuka waɗanda itatuwansu ke kaɗe ganye kowace shekara. Wajen Oktoba da Nuwamba ganyen ya zama ja da ruwan ɗorawa, sannan ya zube. Itatuwan su tsaya tsirara har Maris ko Afrilu. Su sanyi ne ke sa su haka. Da sanyi ruwan ƙasa yakan daskare ya zama ƙanƙara, saiwa ba ta iya shan sa, rana kuma ba ta daɗewa a sama. Mu zafi da fari, su sanyi da ƙanƙara, amma dalilin yana da kama: itace na tattalin ruwa da ƙarfinsa har wuya ta wuce.

Akwai wani abin lura a waɗannan dazuzzuka. Ƙananan tsirrai da ke ƙarƙashin manyan itatuwa sukan yi sauri su fito, su yi fure, tun itatuwan ba su mayar da ganye ba, domin a lokacin ne rana ke kaiwa ƙasa. Ku riƙe wannan, za mu tuna da shi in mun zo kan gawo.

Itatuwanmu kashi uku ne

In muka dubi lokacin da suke da ganye, za mu iya raba itatuwan ƙasarmu kashi uku.

Kashi na ɗaya: masu kaɗe ganye da rani

Ɗakwara. Ita ce ke ba da ƙaro mai kyau, wanda ake sayarwa har ƙasashen waje, ana sa shi cikin alewa da lemun kwalba da magunguna. Ƙasar Gure da ƙasar Manga har zuwa Maine-Sorowa sun daɗe da yin suna wajen ƙaro. Lokacin da ɗakwara ta fara kaɗe ganye, bayan ɗaukewar ruwa, shi ne lokacin da ake tsaga ɓawonta kaɗan a reshe. Bayan ƴan makonni ƙaro ya fito ya daskare, a tsince shi. Ku duba fa: lokacin da ta yi kama da matacciya, lokacin ne take ba da kuɗi. Wanda ya sare ta ya sayar da dami ɗaya sau ɗaya. Wanda ya bar ta zai tsinci ƙaro shekara da shekaru.

Kuka. Tana tsayawa tsirara rani duka, amma ta tara ruwa a cikin gangar jikinta. Ganyenta na miya yana da sinadaran ƙarfafa ƙashi da ƙara jini. Garin ƴaƴanta kuma yana da bitamin C mai yawa.

Danya da dashi. Danya na ba da ƴaƴa masu ɗan tsami wajen ƙarshen rani. Dashi kuwa in aka sari reshensa aka kafa a ƙasa yakan kama, shi ya sa ake yin shinge mai rai da shi.

Magarya. Tana rage ganye in rani ya tsananta. Ƴaƴanta na nuna da sanyi. Yara na ci, mata na daka su su yi akuri su kai kasuwa.

Kashi na biyu: masu riƙe ganye har cikin rani

Waɗannan suna da saiwa mai zurfi, ko kuma ganye ƙanana masu kauri waɗanda ba sa sakin ruwa da sauƙi.

Aduwa. Kusan komai nata da amfani. Ana tsotsar ƴaƴanta, ana fitar da mai daga ƙwallon, ana dafa sabon ganye da fure a yi dubagira. Da itacenta ake sassaƙa allo da ƙota. Awaki da raƙuma na cin ganyenta lokacin da ciyawa ta ƙare.

Anza, wadda wasu ke cewa hanza. Ƙaramar itaciya ce, koriya rani da damina. Ita ce ta riƙe gidaje da yawa a shekarun yunwa, kamar 1984 da 2005. Ana sa ganyenta cikin rumbu ko buhun wake domin rage ɓarnar ƙwari. A da ana yi mata kallon abincin wahala. Yanzu a birnin Damagaram akwai kamfanin Sahara Sahel Foods, wanda aka kafa a 2014, yana sayen ƴaƴan anza da aduwa da wasu ƴaƴan daji daga matan karkara, yana sarrafa su.

Jiga. Ganyenta ɗanye ne a tsakiyar rani. Dabbobi na son sa, mutane ma na dafa shi su yi kwaɗo.

Kandili da bagaruwa. Kandili shi ne ya fi jure fari, shi ya sa muke ganinsa da yawa in muka nufi arewa, wajen Kelle da Taskar. Ƴaƴansa abincin awaki ne da raƙuma. Bagaruwa ta fi son wurin da ruwa ke kwanciya, kuma da ƴaƴanta majema ke jeme fata.

Kashi na uku: gawo, shi kaɗai

Gawo ya saɓa wa sauran. Da damina, lokacin da kowa ke kore, shi yake kaɗe ganye. Bayan ɗaukewar ruwa sai ya yi sabon ganye, ya yi fure, ya ba da ƴaƴa a cikin rani. Yana iya haka ne domin saiwarsa na nutsewa ƙasa ƙwarai, har ta kai ga ruwan da ke can ƙarƙashi.

Wannan hali nasa alheri ne ga manomi ta hanya huɗu:

1. Da damina ba ya tare wa hatsi rana. Kamar ƙananan tsirran nan na ƙasashen sanyi, gero na samun haske a ƙarƙashinsa.
2. Ganyen da ya zubar yana ruɓewa daidai lokacin shuka, ya zama taki.
3. A saiwarsa akwai wasu ƙananan halittu masu ɗauko abincin shuka daga iska su ƙara wa ƙasa. Irin aikin da wake da gyaɗa ke yi ke nan.
4. Da rani dabbobi na taruwa a inuwarsa, su ci ƴaƴansa, su bar kashinsu a gona.

Shi ya sa geron gindin gawo yakan fi na fili kauri da zangarniya. Magabata sun san haka. Tsofaffi na ba da labarin cewa Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ya rasu a 1884, ya kafa doka mai tsanani a kan sarar gawo. Har yau gawo ya fi yawa a kudancin jaharmu, wajen Magarya da Matamai da Mirya. A ƙasar Gure bai kai haka yawa ba, don haka duk wanda ya samu ɗan gawo a gonarsa, ya riƙe shi da kyau.

In muka haɗa kashi ukun nan, za mu ga hikimar Ubangiji. Babu watan da ƙasarmu ta rasa itace mai ganye ko mai ƴaƴa. In wannan ya huta, wancan ya karɓa. Gonar da ke da iri ɗaya kawai tana da watannin da ba ta ba da komai. Gonar da ke da iri biyar ko shida tana ciyar da mutum da dabba shekara duka.

Masu tsaron kwari: goriba da kalimbo

Arzikin ƙasar Gure yana cikin kwaruruka, inda ruwa ke kusa, inda ake samun dabino da rogo da kayan lambu da kanwa. Babban abokin gabar kwari shi ne rairayi mai tafiya. In tudu ya rasa ciyawa da itace, iskar gabas na kwasar rairayinsa tana zubawa cikin kwari, har ya binne lambu da rijiya.

Goriba ita ce ganuwar kwari. Tana kewaye shi, tana karya ƙarfin iska. Daga gare ta muke samun kaba ta tabarma da igiya da faifai, da ƴaƴa na ci, da azara ta rufin ɗaki. Amma in ana yanke kabar ƙananan goriba kullum ba hutu, ba za su taɓa tashi su zama manya ba. Manyan su tsufa su faɗi, ba magaji. Ya kamata kowane gari ya keɓe wani yanki inda za a bar kaba ta girma.

Kalimbo shi kuma a kan tudu yake zaune. Kusan ba shi da ganye sam, rassansa ne koraye, kuma wannan ma dabara ce ta tattalin ruwa. Da rassansa ake kafa shingaye a kan tudun rairayi domin a tsayar da shi, sannan a shuka ciyawa da itatuwa a tsakanin shingayen. An yi wannan aiki a wurare da dama na ƙasar Gure da Maine-Sorowa. Mai yankan kalimbo ya yanki rassa ya bar gindin, zai sake tohowa. In an tumɓuke shi, an buɗe wa iska ƙofa.

Ƙananan tsirrai

Kada mu manta da ƙananan. Tafasa da lalo da gasaya da yoɗo suna bushewa da rani, amma irinsu na kwance cikin ƙasa yana jiran ruwa. Yaɗiya tana riƙe ganye har cikin rani. Ƙarangiya, duk da ƙayarta, abincin dabbobi ce, kuma saiwarta na kama rairayi. Gamba na ba mu zana, tana kuma tare iska in an bar ta a kan iyakar gona. Wutar daji na cinye waɗannan duka tare da irinsu. Mu yi hattara da guntun taba da wutar shayi.

Ta fannin lafiya

Abin daji na da amfani, amma sai an san yadda ake bi da shi.

1. Ƙwayar anza ɗanya tana da ɗaci da guba. Sai an jiƙa ta kwanaki, ana zubar da ruwan ana sake sabo, har ɗacin ya fita sarai, sannan a dafa. Kada a gaggauta, ko da yunwa ta matsa. Kada a bar yara ko dabbobi su sha ruwan jiƙon.
2. Yawan tsotsar aduwa na sa zawo. A kula da ƙananan yara.
3. A shanya ganyen kuka da tafasa da lalo a inuwa, kan tabarma mai tsabta. Zafin rana na rage bitamin da ke cikin ganye, mai taimakon ido da jiki.
4. A wanke ƴaƴan itacen da aka tsinta a ƙasa kafin a ci.
5. Nonon tumfafiya da na aguwa na cutar da ido. In ya shiga, a wanke da ruwa mai tsabta da yawa, a tafi gidan likita nan da nan.
6. Yaron da ke zawo ko zazzaɓi, kada a tsaya kan jiƙe-jiƙe kaɗai. A ci gaba da ba shi nono da ruwa, a kai shi gidan likita.
7. Mai ɗibar sassaƙe ya ɗiba kaɗan ta gefe guda. In aka kewaye gindin itace da sara, an yanke hanyar abincinsa, zai mutu.

Yadda za mu mayar da itatuwa gonakinmu

Dattawa sun shaida cewa dajin Gure ya fi haka duhu a da. Farin 1973 zuwa 1974 da na 1984 sun kashe itatuwa masu yawa. Jama'a ta ƙaru, gonaki suka faɗaɗa, gatari ya ƙarasa abin da fari ya bari. A 1984 aka yi babban taro na ƙasa a Maradi kan yaƙi da hamada. Tun 1975 kuma ake dashen itace a ƙasarmu ranar 3 ga watan Agusta. Dashe abu ne mai kyau, amma kowa ya san wahalarsa a nan: ban ruwa, da awaki, da iska mai binne ɗan itace. An kawo mana baƙin itatuwa kamar dogon yaro, wanda asalinsa daga Indiya ne, kuma ya ba mu inuwa a gari. Amma a gona da daji, Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Akwai hanya mai sauƙi, ita ce sassaben zamani. A ƙarƙashin gonakinmu akwai kututture da saiwoyi masu rai. Kowace shekara suna toho, kowace shekara muna sassabe su muna ƙonewa. A 1983, a jahar Maradi, wani ma'aikacin gona ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo ya lura da haka, ya fara aiki da manoma kan raya wannan toho. A kudancin Damagaram ma manoma sun yi ta barin ƴaƴan gawo a gonakinsu. Masu bincike sun ƙiyasta a 2009 cewa ta wannan hanya manoman Nijar sun raya itatuwa wajen miliyan 200 a kan fili hekta miliyan 5. Ba rijiya, ba gandun reno, sai wuƙa da haƙuri.

Ga yadda ake yi:

1. Kafin sassabe, zaga gonarka ka duba abin da ya toho. Zaɓi iri dabam-dabam daga kashi ukun da muka ambata.
2. A kowane kututture ka bar rassa uku zuwa biyar, waɗanda suka fi ƙarfi da miƙewa. Ka yanke sauran.
3. Ka share ƙananan rassan gefe daga ƙasa zuwa rabin tsawon reshen. Kada ka aske shi duka.
4. Ka yi aiki da wuƙa ko adda mai kaifi. Ka yi sara daga ƙasa zuwa sama, domin kada ɓawo ya yage.
5. Ka ɗaura tsumma a jiki, kowa ya san mai shi na so. Ka kewaye ƙananan da ƙaya saboda awaki.
6. Kada ka tara shara ka ƙone kusa da su.
7. Ka koma bayan ƴan watanni ka sake gyarawa. Abin da ka yanke ya zama itacen girki da abincin dabbobi.

Kafin kowa ya sa gatari a itacen da ba ganye, ya yi gwaji biyu. Ya kankare ɓawon ƙaramin reshe: in ya ga kore da danshi, itacen na da rai. Ya lanƙwasa reshen: mai rai yakan tanƙwaru, matacce yakan karye ƙwas.

Me doka ta ce?

Wasu na cewa: "In na raya itace, ma'aikatan gandun daji za su hana ni taɓa shi." Wannan tsoro ya samo asali ne daga tsohuwar doka. Dokar gandun daji ta 1974 ta sa itatuwa 15 cikin kariya, har da gawo da ɗakwara da goriba da aduwa da kuka. An yi sabuwar dokar gandun daji a 2004. Sannan ranar 30 ga Yuli 2020 gwamnati ta fitar da doka ta musamman kan sassaben zamani, wadda ta amince wa manomi ya ci moriyar itatuwan da ya raya a gonarsa. Duk da haka, kafin a kayar da babban itace, a nemi ma'aikacin gandun daji a ji ƙa'ida.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In kai ka raya, wani ya zo da dare ya sare, aiki ya ɓaci. Sai mai gari da liman da manoma da makiyaya da mata masu neman itacen girki sun zauna sun yi shawara. Makiyayi na bukatar ganyen gawo da kandili kamar yadda manomi ke bukatar takin dabbobinsa. A yarda kan sassaƙar reshe kaɗan, a hana gille kan itace gaba ɗaya.

Kalmomin darasi

Milimita: ma'aunin ruwan sama. Milimita 10 su ne santimita ɗaya.
Hekta: fili mai tsawon mita 100 da faɗin mita 100.
Bitamin: sinadarin cikin abinci mai kare jiki daga cuta.

Tambayoyi domin tattaunawa a aji

1. Me ya sa ɗakwara ke kaɗe ganye da rani?
2. Ta wace hanya gawo ya bambanta da sauran itatuwa?
3. Yaya ake gane itace mai rai in ba shi da ganye?
4. Waɗanne itatuwa ne iyayenku suka sani a garinku, waɗanda yanzu babu su?

Lissafi

Wani manomi na da gona hekta 3. Ya bar itace 20 a kowace hekta. Itace nawa ya bari? In 12 suka mutu, nawa suka rage?

Aikin gida

Kowane ɗalibi ya zaga gonarsa, ya rubuta sunayen itatuwan da ya gani da adadinsu a cikin littafinsa. Wanda ya san sunan itacen da Barbarci ko Fulatanci ko Tubanci, ya rubuta shi kusa da na Hausa. Ku ba malaminku, za mu karɓa in mun zo zagaye. Bayan shekara guda mu sake ƙirgawa, mu ga ko sun ƙaru.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kare mana kwarurukanmu. Sai fitowa ta gaba.